Wasiƙa zuwa ga aminina mai shirin shiga ruwan Legas da kayak

Tudun Wada,
Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da mutanen Yola baki ɗaya. Mu nan Zazzau sai godiya, damina ta ɗauke, sanyi ya fara leƙowa da asuba. Saƙonka ya iso, na ga kana son ka yi hutun ƙarshen shekara a Legas, ka hau kayak, ɗan ƙaramin kwalekwalen nan da ake tuƙawa da filafili, ka jefa fatsa a ruwan gishiri, har kana cewa wanda ya saba da Binuwai ba ya tsoron ruwa. To, saurara.

Kogi gaba ɗaya yake tafiya, ka san inda zai kai ka. Ruwan Legas kuwa sau huɗu yake juyawa a yini da dare: ya ciko, ya janye, ya sake cikowa, ya sake janyewa, kowanne wajen awa 6 da 'yan mintuna. Kullum kuma lokacin yana jinkirta da kamar minti 50, don haka lissafin jiya ba ya yi maka aiki yau. Tashin ruwan bai cika wuce mita ɗaya ba, shi ya sa baƙo yake raina shi, amma duk ruwan tafkin Legas ta mashiga ɗaya yake fita teku, wadda ke tsakanin dogayen katangun duwatsun da Turawa suka jera a bakin tashar jiragen ruwa. In ruwa na janyewa, ƙarfinsa a wannan maƙogwaro yana iya fin na hannunka, domin mai kayak ɗauke da kaya ba ya wuce kilomita 4 zuwa 5 a awa. Ka sauke jadawalin cikowa da janyewar ruwan Legas a wayarka, ka kuma kwafe na ranar a takarda. Awa ta uku da ta huɗu bayan juyawar ruwa su ne masu ƙarfi, ta farko da ta ƙarshe masu laushi. Ka tsara fitarka yadda a dawowa ruwa zai turo ka gida, lokacin da hannu ya riga ya mutu.

Kalandar Musulunci za ta taimake ka a nan. Daga tsayuwar wata zuwa 3 ga wata, da kuma 14 zuwa 17, ruwa ya fi cika, ya fi janyewa, ya fi gudu. Wajen 7 zuwa 9 da 22 zuwa 24 yana lafawa. Fitarka ta farko ta faɗo a kwanakin lafawa.

Lokacin da ka zaɓa ya yi. Daga Nuwamba zuwa Maris teku ta fi kwanciya, Yuni zuwa Satumba kuwa igiyar ruwa ba ta da mutunci. Abu biyu ne matsalar ƙarshen shekara. Na ɗaya hazo, wanda in ya sauka mai jirgin fasinja ba zai gan ka ba sai ya zo kanka. Na biyu kainuwa, wadda ke gangarowa bayan damina ta toshe rafuka, ta naɗe zare, wani lokaci ta rufe hanyar da ka bi ka shigo. Ka duba hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da daddare, ka sake dubawa da asuba. Iska in ta haura kilomita 20 a awa, ka sha shayinka ka koma ka kwanta. Ka shiga ruwa da gari ya waye, ka fito kafin azahar, saboda da rana iskar teku takan taso daga kudu maso yamma ta yamutsa ruwan.

Inda za ka shiga, shawarata ka bar buɗaɗɗiyar teku a wannan zuwan. Gaɓar Lekki tana da gangare, igiyar ruwa ba ta mirginowa a hankali, dunƙulewa take ta fāɗo a kan yashi lokaci guda, ga kuma jan ruwa mai komawa ciki. Nan ake karya sandar fatsa, nan kayak ke bugun mai shi. Ka tsaya a cikin tafki da rafukansa: gefen Ikoyi, ko rafin Badagry, ko wajen Epe inda ruwan ya fi kusa da na daɗi. Tarkwa Bay a killace take, sai da jirgi ake zuwa, amma tana manne da hanyar manyan jirage, kuma ma'ajiyar mai ta Atlas Cove na kusa. Kada ka matsi jirgin da ya yi anga, ko wurin sauke mai, ko sansanin sojan ruwa. Ka riƙe katin shaida a cikin leda. Hukumar LASWA ta jihar da NIWA ta tarayya su ne masu kula da hanyoyin ruwan, duka biyun ba sa wasa da maganar rigar ruwa, wato rigar da ke hana mutum nutsewa.

Kayak ɗin da za ka yi haya ya zama irin wanda ake zama a bisa, mai ramuka a ƙasa da ruwa ke tsiyayewa, ba mai kogon da ake zura ƙafafu ba. Tsawo mita 3 da rabi zuwa 4, faɗi santimita 75 zuwa 85. Gajere yana wutsil-wutsil, kowane tuƙi sai hancinsa ya karkace. Ka karanta nauyin da aka rubuta yana ɗauka, kai da kayanka kada ku wuce kashi 70 cikin ɗari. Kafin ka biya kuɗi ka kifa shi ka duba tsaga a gindi, ka tabbata marfin ramin zubar da ruwa na baya yana nan kuma a ɗaure. Wannan ɗan marfin shi ke nutsar da mutane: ruwa ya riƙa shiga ciki ba ka gani, sai ka ji jirgi ya yi nauyi yana tangaɗi.

Rigar ruwa a jikinka take zama, a zuge, a ɗaure, da usur da 'yar wuƙa a maƙale. Wadda ke bayan kujera ba ta ceton kowa. Filafili ka ɗaure shi da igiya a jikin kayak. Tuta mai ruwan lemo a kan sanda mai tsawon mita ɗaya a bayanka. Waya a jakar da ruwa ba ya shiga, a rataye a jikinka, lambar gaggawa 112. Ruwan sha lita 3 zuwa 4, malafa mai igiya, riga mai dogon hannu marar nauyi. Kaftani da wandon jins da takalmin ruwa su zauna a masauki, in sun jiƙe jan ka suke ƙasa. Alwala ba damuwa, ruwan teku mai tsarki ne kamar yadda ya zo a hadisi, sai dai ba ya kashe ƙishi.

Ranar farko kada ka ɗauki fatsa ma. Ka je inda ruwa ya kai maka wuya, ka kifar da kayak da gangan, ka koyi hawa: ka birkito shi, ka kama gefen nesa, ka bar ƙafafunka su taso bayanka, ka ja cikinka bisa kujera, sannan ka juya ka zauna. Sai ka yi sau uku a jere ba taimako kafin ka yi nisa. A zaune kuwa, kanka ya tsaya a tsakiyar jirgi. Inda kai ya leƙa, can jiki ke bi. In jirgi mai inji ya wuce, ka juya hanci ka fuskanci igiyar da ya tayar, kada ta same ka a haƙarƙari.

Sanda biyu sun isa, masu tsawon mita 2 ko ɗan fi, don ka iya zagaya zare ta gaban hancin kayak in kifi ya sauya gefe. Zare mai kitso mai jure nauyin laba 30, a gabansa ka ƙulla mita ɗaya na zaren roba mai laba 50, domin duwatsu da ƙafafun gada cike suke da kawa mai kaifi. Ƙugiya mai lanƙwasa ciki, lamba 3/0 zuwa 5/0. Da irinta ba a fizga, naɗewa kawai ake har zare ya miƙe, ita da kanta take kama gefen baki. Dalma giram 30 zuwa 60, gwargwadon gudun ruwa. Tana ba ta aiki a ruwan gishiri. Koto shi ne jatan lande ɗanye, ko ƙananan kifi masu rai da za ka saya wurin masu jefa birgi da sassafe. Akwai jan kifin nan sinafa a gindin duwatsu, da kuroka, da mai ƙyallin hanci da 'yan Legas ke ji da shi, da barakuda. Barakuda haƙoransa irin na tsage ne, in shi kake nema sai ka sa wayar ƙarfe santimita 30 kafin ƙugiya. Kifi ya fi ci awa ɗaya kafin ruwa ya juya da awa ɗaya bayan ya juya, a inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya.

Birkin injin naɗi ka sassauta shi, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zaren. A tudu kai ke jan kifi, a kayak shi ke jan ka, kuma in birki ya yi tauri ya fizga ta gefe, kifewa za ka yi. Bakin sanda ya riƙa kallon hancin jirgi. In ƙugiya ta maƙale a ƙasa, kada ka naɗe zare a hannu ka ja da ƙarfi: mai kitso yana yanka yatsa har ƙashi, in kuma ya tsinke farat ɗaya baya za ka faɗa. Yanke shi, ƙugiya ba ta kai haka tsada ba.

Anga ita ce na fi jin tsoro a hannun sabon shiga. Mai nauyin kilo ɗaya da rabi ta isa, igiya ninki uku na zurfin ruwa ko fiye. A hanci ko a wutsiya ake ɗaure ta, ba a gefe ba, don in ruwa mai gudu ya daki kayak a kwance, danna gefen yake ƙasa cikin ƙiftawar ido. Ka sa ƙulli mai kwancewa da ja ɗaya, da galan fanko a ƙarshen igiyar, in abu ya rikice ka sake ta ka dawo ka ɗauka daga baya. A cikin mashiga kuwa, ko kusa kada ka jefa ta.

Kifi sai ya gaji sarai kake ɗora shi tsakanin ƙafafunka. Filaya ke cire ƙugiya, ba yatsa ba. Tarwaɗar teku tana da ƙaya uku masu dafi, ɗaya a baya biyu a gefe, akwai kuma kifin nan mai faɗi da ƙaya a wutsiya, shi yanke zare kawai ake. In ƙaya ta soke ka, ka tsoma wurin a ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, sannan ka nemi asibiti. Wanda za ka ci ka yanka masa maƙoshi jini ya fita, ka sa a ƙanƙara, kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi. Na kusa da Apapa da bakin manyan magudanai ka mayar da shi ruwa. Da ka fito ka wanke sanda da inji da ƙugiyoyi da ruwan famfo, in ba haka ba gishiri zai cinye su kafin ka koma Yola.

Kada ka fita kai kaɗai. Ka nemi masunci ɗan wurin, Ilaje ko Egun, ka biya shi ya bi ka da kwalekwalensa. Shi ya san inda aka kafa taru da turakun tara kifi, waɗanda tsallaka su ke jawo rigima, ya kuma san ramukan da masu haƙar yashi suka bari. Mai masaukinka ya san inda ka shiga, da ƙarfe nawa za ka fito, da wanda zai kira in lokacin ya wuce.

Ka turo mini ranakun hutun naka in duba su da kwanan wata, in gaya maka waɗanda suka dace. In ta Zariya za ka bi, ka tsaya mu shiga kasuwar Sabon Gari a nemo maka malafa da igiya. Ka gaida Hajiya da yara, ka gaida su Malam.

Wassalam,
Naka, amininka.