A daina kiran mutanen Sikotlan 'yan Ingila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in jawo hankalinku kan wani kuskure da ya zama ruwan dare a shafukan wasanni, wato kiran duk wanda ya fito daga Birtaniya ɗan Ingila. Kwanakin baya na ga an yi wa Alex Ferguson, tsohon kocin Manchester United, haka, alhali a birnin Gilasgo na Sikotlan aka haife shi a 1941. Sikotlan ta haɗe da Ingila a 1707, amma har gobe tana da tsarin shari'arta da ƙungiyar ƙwallonta daban, kuma mutanenta ba sa ɗaukar wannan kuskure da wasa.

Sau da yawa sunan mutum kan isa ya nuna asalinsa. A Gelik, wani tsohon harshe na Sikotlan, Mac na nufin ɗa, saboda haka MacDonald ɗan Donald ke nan. Mace kuwa Nic ake sa mata a wannan harshe. Masu cewa Mac na Sikotlan ne, Mc kuma na Ayalan, ba su yi daidai ba, domin Mc taƙaitawa ce kawai. Wasu manyan sunayen ma daga tsokana suka faro: Campbell na nufin mai karkataccen baki, Cameron mai karkataccen hanci, ga shi yau zuriyarsu na tinƙaho da su. Suna a wurinsu ba abin wasa ba ne, don a 1603 Sarki James na 6 ya haramta sunan MacGregor ɗungurungum, ba a ɗage haramcin kwata-kwata ba sai a 1774.

Inda aka fi bukatar hattara shi ne laƙabi. Jock, wanda asalinsa John ne a bakinsu, laƙabi ne da ake yi wa ɗan Sikotlan; sojojinsu kan amsa shi da fara'a, amma idan ya fito daga bakin baƙo yakan zama raini. Sawney, daga Alexander, tsohon zambo ne na 'yan Ingila. Kalmar Scotch kuwa yanzu an bar wa giyar wuski da wasu kayayyaki, ba a kiran mutum da ita. Su ma ba kanwar lasa ba ne, suna ce wa ɗan Ingila Sassenach.

Roƙona shi ne masu tace labaranku su riƙa rubuta ɗan Sikotlan, ko ɗan Birtaniya idan ana nufin ƙasar baki ɗaya.

Wassalam,
Naku, mai karanta jaridarku a kullum.