Wasiƙar godiya ga ma'aikatan Gidan Bonhoeffer da ke Berlin

Zuwa ga shugabanni da masu aikin sa kai na Gidan Bonhoeffer,
Marienburger Allee 43, Berlin.

Ranku ya daɗe, barkanku da aiki.

Na san sai an yi muku tafinta kafin ku ji abin da na rubuta. Duk da haka na zaɓi in yi godiyar da Hausa kuma a bainar jama'a, saboda mutanenmu da ke karatu ko neman abinci a Jamus, waɗanda za su shekara uku a ƙasar ba su san da wannan gida ba. Ni kaina musu ne ya kawo ni ƙofarku.

Ga yadda aka yi. Ni da abokin zamana, wani ɗan Jos da muke haya gida ɗaya, muka kalli fim ɗin nan na rayuwar Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da ya yi adawa da mulkin Hitler, fim ɗin da Todd Komarnicki ya ba da umarni, kamfanin Angel Studios ya saki a Amurka a watan Nuwamban 2024. Tun daga fastar fim ɗin muka raba gari. An nuna faston riƙe da ƙaramar bindiga, a ƙasa an jera masa laƙabi uku: fasto, ɗan leƙen asiri, mai kisa. Abokina Kirista ne, ya tashi yana jin sunan mutumin a coci, don haka a wurinsa gwarzo aka nuna. Ni kuwa Musulmi ne daga Zariya, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu da muka ga abin da ke faruwa idan mai wa'azi ya ce Allah ya ba shi izinin ɗaukar makami, ba ma tafa wa irin wannan hoto, ko wane addini mai hoton yake bi. Muka kwana biyu muna ja-in-ja, har ya ce to mu je gidan mutumin mu gani da idonmu.

Ranar Asabar da safe muka sauka a tashar Heerstraße, muka taka zuwa unguwar. Gida ne na zama kamar sauran na layin, in ba an nuna maka ba sai ka wuce. Wata dattijuwa cikinku ce ta karɓe mu, ba ta tambayi addininmu ko ƙasarmu ba sai da hira ta kai can. Ita ta bayyana mana cewa a 1935 aka gina gidan domin iyayensa, Karl Bonhoeffer, babban likitan ƙwaƙwalwa na asibitin Charité, da matarsa Paula, su yi zaman ritaya, kuma tun 1987 aka mayar da shi wurin tunawa. 'Ya'ya takwas suka haifa. Dietrich tagwaye ne, shi da Sabine, an haife su a Breslau ranar 4 ga Fabrairun 1906, da a gidanmu ne Hassan da Usaina za a ce musu.

Ban yi nisa ba na jefa tambayar da ta kawo ni. Na ce, Mama, ina bindigar? Ta yi murmushi irin na wanda ya saba jin tambayar, ta ce mu hau sama tukuna.

A can ƙarƙashin rufi ɗakinsa yake, ƙarami, da tebur da kantocin littattafai da taga. A nan ta zaunar da mu ta warware mana abin daki-daki. Gaskiya ne ya shiga hukumar leƙen asirin soja da ake kira Abwehr, ta hannun mijin yayarsa Hans von Dohnanyi, kuma gaskiya ne ya san ana shirin kawar da Hitler, bai kuma wanke hannunsa daga shirin ba. Amma aikinsa na ɗan aike ne. Sanayyar da yake da ita da malaman coci na ƙasashen waje ita ce jarinsa. A 1942 ya je Suwidin ya gana da Bishop George Bell na Ingila, ya ba shi saƙon 'yan adawa domin ya kai wa gwamnatin Birtaniya, gwamnatin kuwa ta yi kunnen uwar shegu da saƙon. Abin da ya jawo aka kama shi ma ba yunƙurin kisa ba ne, bincike ne kan harkokin ofishin Dohnanyi, ciki har da fitar da Yahudawa 14 zuwa Suwizalan da sunan ma'aikatan leƙen asiri ne.

Inda na fi jin abin a jikina shi ne labarin ranar 5 ga Afrilun 1943, domin a ɗakin da ya faru aka ba mu shi. Ya buga waya gidan Dohnanyi, sai ya ji baƙuwar muryar namiji ta amsa. Nan take ya gane. Ya kintsa takardun teburinsa, ya shiga gidan yayarsa Ursula da ke maƙwabtaka ya ci abinci ya ƙoshi, ya zauna jira. Da la'asar mahaifinsa ya zo ya ce masa ga mutum biyu suna son magana da shi a ɗakinsa. Shi ke nan. Babu gudu, babu harbi. Na dubi matakalar da muka hawo, na tuna ta nan aka sauko da shi, sai na ji musun da na zo da shi ya yi mini nauyi a baki.

Abin da ya sa nake yabonku shi ne ba ku yi mana wasan kura da tarihi ba, ba ku kuma zagi fim ɗin ba. Da abokina ya tambayi ra'ayinta, dattijuwar ta ce fim fim ne, amma ga wuraren da ya kauce. Maria von Wedemeyer, yarinyar da aka yi musu baiko a Janairun 1943, wadda ta riƙa kai masa ziyara kurkukun Tegel, babu ita a fim ɗin ko kaɗan. Shahararriyar maganar nan ta Fasto Martin Niemöller, cewa an zo an kwashi wasu bai ce uffan ba har aka zo kansa babu sauran mai magana, bayan yaƙi ya yi ta, yana mai tuhumar kansa, amma fim ɗin ya ɗora masa ita a kan mumbari tun ana tsakiyar mulkin Nazi. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne a ganina, domin ya mayar da nadama ta koma jarumtaka. Ta kuma tuna mana cewa tun kafin fim ɗin ya fito, mutum 86 daga zuriyar 'yan'uwansa sun sa hannu a wata wasiƙa suna ƙorafin yadda masu haɗa kishin ƙasa da Kiristanci a Amurka ke jan sunansa zuwa siyasarsu, kuma wasu daga cikin 'yan wasan fim ɗin, har da Jonas Dassler da ya fito a matsayinsa, sun goyi bayan wannan ƙorafi.

Ba ku ɓoye mana aibinsa ba, wannan ma na gode. A Afrilun 1933 mahaifin mijin Sabine, wanda Bayahude ne, ya rasu, aka roƙi Dietrich ya yi wa'azin jana'iza, ya nemi shawarar na gaba da shi a coci aka ce kada ya yi, shi kuwa ya bi shawarar. Bayan 'yan watanni ya rubuta wa mijin Sabine yana neman gafara, yana mamakin tsoron da ya kama shi. A watan nan dai na Afrilu ne ya rubuta cewa akwai lokacin da bai isa coci ta tsaya ɗaure raunin waɗanda ƙafar keken mulki ta taka ba, sai ta tare ƙafar keken kanta. Mutum ɗaya, wata ɗaya, ga ƙarfin hali a takarda ga rauni a gaban gawa. Wannan mutumin na gane shi, na kuma fi yarda da shi a kan na jikin fasta.

Abokina ma bai fita da nasara ba, kada ya ga wasiƙar nan ya yi mini dariya. Ya zo yana jin cocin Jamus ta tsaya bayan ɗanta. Sai ya ji cewa ɓangare mai yawa na cocin ya bi Hitler da hannu bibbiyu, cewa makarantar horar da fastoci da Bonhoeffer ya jagoranta a Finkenwalde 'yan sandan ciki sun rufe ta a 1937, kuma ko bayan yaƙi an daɗe wasu manyan cocin suna masa kallon wanda ya mutu saboda siyasa. Hukuncin da aka yanke masa ma sai a 1996 wata kotu a Berlin ta tabbatar da cewa ba shi da tushe. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru.

Akwai abin da ya faranta mana rai mu biyun. Zamansa na New York daga 1930 zuwa 1931, inda abokinsa baƙar fata Frank Fisher ya kai shi cocin Abyssinian da ke Harlem, ba ƙirƙirar masu fim ba ce. Ya koyar da yara a can, ya sayo fayafayan waƙoƙin baƙaƙen Amurka ya riƙa sa wa ɗalibansa a Jamus. Ya sake komawa Amurka a Yunin 1939, ga mafaka ta samu, amma bai cika wata biyu ba ya hau jirgin ruwa ya dawo, domin a ganinsa wanda bai sha wuya tare da mutanensa ba ba shi da bakin magana ranar gyara.

Da muka sauko ƙasa na tambayi ƙarshen iyalin. An rataye Dietrich a sansanin gwale-gwale na Flossenbürg da asubar 9 ga Afrilun 1945, yana da shekara 39, mako biyu kafin sojojin Amurka su iso wurin. A watan nan aka kashe wansa Klaus, da mazan yayyensa biyu, Dohnanyi da Rüdiger Schleicher. Mutum huɗu daga gida ɗaya. A ƙarshen Yulin shekarar, iyayensa tsofaffin nan biyu suna zaune a wannan gida suka saurari addu'ar tunawa da ɗansu da aka yi a Landan, ta rediyon BBC. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kewaye rediyo da daddare ya san irin wannan zama.

Mun wuce lokacin da aka ɗiba mana, amma babu wanda ya dubi agogo ya nuna mana ƙofa. Ga dattijuwar da ta yi haƙuri da tambayoyina masu kama da neman faɗa: Mama, na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri ku duka.

'Yan'uwa da ke Berlin ko masu shirin zuwa, ku duba shafin gidan na intanet kafin ku tashi, domin ba kullum ake buɗewa ba, kuma in kuna da yawa gara ku sanar da su tun da wuri. Mu dai mun yi alkawarin komawa da sauran abokan karatunmu bayan jarrabawa, wannan karon da tambayoyi a kan wasiƙun da ya rubuto daga Tegel.

Naku da girmamawa,
Wani ɗalibi Bazazzagi da ke karatu a Jamus.