Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Marubuta Waƙa

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Zaman gyaran waƙa na ƙarshen wata shi ya fi cin ƙarfinmu a bana, shi kuma ya fi amfani. Tsarin yana nan yadda kuka sani: mai waƙa ya rera baitocinsa ba kiɗa, dattawa suna buga kari da yatsa a kan benci, duk ɗangon (wato layin baiti) da ya yi ɗingishi a tsayar da shi ya maimaita.

Abin da ya yi ta fitowa shi ne halin matasanmu masu fara zuwa situdiyo a haɗa musu kiɗa, sannan su dawo su cusa kalmomi a ciki. Sai ka ji an ja gaɓa marar nauyi don ta cike gurbi, ko an jawo kalmar da ba ruwanta da jigo, don kawai amsa-amo, wato sautin da ake maimaitawa a ƙarshen ɗango, ya faɗa daidai. An yi muhawara mai zafi a kai. Wasu suka ce ai Shata ma da kalangu yake tafiya, Ɗan Maraya da kuntigi. Haka ne, amma wancan kiɗa bakin mawaƙi yake bi. In ya ja a ja, in ya tsaya a tsaya. Na kwamfuta kuwa ba ya jiran kowa. Matsayar da aka cimma: kowa ya je situdiyo yadda ya so, amma a zamanmu baiti za a fara ji tsurarsa.

Darasin aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa, ya tafi, sai dai mahalarta sun ragu da aka shiga ƙwar biyar (baiti mai ɗango biyar) da tahamisi (ƙara ɗango a kan baitin wani har ya cika biyar). Mun yi karatun waƙa ranar 21 ga Maris, Ranar Waƙa ta Duniya, da 26 ga Agusta, Ranar Hausa. An kuma yi zama guda kan dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023, saboda koken masu rubuta wa mawaƙa baiti ba tare da yarjejeniya a rubuce ba.

Diwanin da muka yi alkawari, wato littafin tarin waƙoƙinmu, bai fito ba. Tsadar takarda ta sha gabanmu, kuɗin wata-wata ma da yawa ba su biya ba. Mata sun nemi a dawo da zama kafin la'asar, kwamiti ya amince daga wata mai kamawa. Masu bashi su ga ma'aji kafin babban taro.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa