Takardar Koke Kan Cutar Fumfuna da Ke Bin Irin Waken Suya

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu manoman waken suya na wannan gunduma ta ƙasar Zazzau muna kawo kukanmu game da asarar da muke tafkawa tun daga ranar shuka, wadda tushenta yake cikin irin da muke binnewa da hannunmu.

A daminar da ta wuce, da yawanmu sun auno iri da tiya a kasuwa, suka shuka bayan ruwa ya zauna, amma kunyoyi suka fito giɓi-giɓi. Wanda ya tona rami sai ya tarar ƙwayar ta ruɓe, farar fumfuna ta lulluɓe ta, wadda ta samu ta tsiro kuma sai ta yi baƙin tabo a ganyen farko ta kwanta. Da muka koma kan ragowar irin, mun ga wasu ƙwayoyin sun motse sun tsage kamar an barbaɗa musu alli, wasu kuma ɓawonsu ya rine da launin shunayya. Malaman gona sun bayyana mana cewa cutar tana shiga kwanso ne tun yana gona, musamman idan wake ya nuna ana ruwa aka yi jinkirin girbi, sannan ta ƙara ƙarfi idan aka ƙulle shi a buhu da sauran danshi fiye da kashi 13 cikin 100. Ta haka take kwana a ɗakin ajiya har ta koma gona baɗi. Ita kuwa tsatsar ganye da muka daɗe muna ɗora wa laifi, ashe iska ce ke kawo ta, ba iri ba.

Abin da ya fi ci mana rai, ranka ya daɗe, shi ne ana sayar da waken awara da sunan iri, alhali Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana kusa da mu.

Saboda haka muna roƙon ka sa baki a turo mana malamin gona kafin watan Yuni, ya koya mana gwajin tsiro, wato a jera ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhun algarara a ƙirga waɗanda suka fito bayan mako guda, ya kuma nuna mana yadda ake cuɗa iri da magani ba tare da an cutar da yara ba. Muna kuma roƙon ka umarci Sarkin Kasuwa ya ware wa masu iri rumfarsu, kada a kira buhu iri sai yana ɗauke da shaidar Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa. Idan hali ya yi, a shigar da bukatarmu ta dandamalin shanya ga ƙaramar hukuma, domin har yanzu a ƙasa muke sussuka.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya, ya ja zamaninsa.

Mu ne talakawanka,
Manoman waken suya na gunduma, da sanin Sarkin Noma.