Zuwa ga abokina a Alƙahira

Zariya,
daren Asabar.

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin can? Mutanen gida duk lafiya lau. Inna na gaishe ka, ta ce ka yi wuyar ji.

Ka tambaya ko har yanzu da yatsa nake zane a waya. Ai na bar wa ƙanina ibisPaint, manhajar zanen nan ta waya. Na sayi allon zane na kamfanin Huion, irin wanda ba ya nuna hoto: alƙalami a ƙasa, ido a kan kwamfuta. Sati biyu na yi ina jan layi kamar tonon kaza kafin hannu ya saba. Alƙalamin yana jin nauyin hannu, in ka danna layi ya yi kauri, in ka sassauta ya sirance. Manhajar zane ta Krita nake amfani da ita a kwamfuta, tunda kyauta ce. Manhajar Procreate ɗin da kake ta yabo kuwa sai mai iPad, ina ni ina ita!

Abin da ya dame ni shi ne komai na zana sai ya fito sumul kamar roba. Na zana wata tsohuwa mai fura, fuskarta ta fito kamar ta 'yar tsana. Ran nan ina wucewa cikin birni sai na tsaya gaban wani tsohon soro, yaɓensa duk ya tsattsage. Na ɗauki hotonsa. Da na dawo na shimfiɗa hoton a saman zanen tsohuwar, na sa shi a tsarin da ake kira Multiply, wato farin ya ɓace, duhun ya zauna, na rage ƙarfinsa zuwa kashi 30. Wallahi nan take tsohuwar ta tsufa! Yanzu wayata cike take da hotunan tabarma, buhu da bayan tukunya. Ƙanwata ta ce na fara taɓuwa.

Na kuma gwada dagi. Krita tana da wani alƙalami mai madubi, ka ja gefe ɗaya sauran su zana kansu. Cikin minti biyar ya fito daidai wa daida, amma ba rai. Maginan da suka yi na jikin gidajen birni da hannu suka yi, ko'ina akwai ɗan karkace. Sai na kashe madubin na sake shi da hannuna.

Asara ɗaya na tafka. Na zana wata riga mai shuɗin baba, a kwamfuta tana ɗaukar ido, da na kai aka buga ta fito dishi-dishi. Mai injin ya ce fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, RGB, inji kuma da tawada, CMYK, kuma wannan shuɗin tawada ba ta kai shi. Kuɗina dai sun tafi.

Don Allah in ka shiga tsohuwar kasuwar Khan el-Khalili ka ɗauko mini hotunan bangaye da tsofaffin ƙofofi, kusa-kusa, da hasken safe. Kada ka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, matse su yake yi. Turo su a fayil.

Naka har kullum,
abokinka.