Ina Labarin Wutar Lantarki Daga Zafin Ƙarƙashin Ƙasa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin rubuce-rubucen jaridarku kan makamashin da ba ya ƙarewa, kuma kusan kullum maganar ba ta wuce hasken rana da iska. Ina roƙonku ku ba zafin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu fili shi ma, domin ba ruwansa da faɗuwar rana, ba ya kuma jiran iska ta kaɗa. Tashar da ke aiki da shi dare da rana take ba da wuta, rani da damina.

Rijiya ake haƙawa mai zurfin kilomita 2 ko 3, galibi a yankunan duwatsu masu aman wuta. Tururi ya taso yana ruri, a raba shi da ruwa, a kora shi cikin bututu ya juya injin janareta. Ruwan kuma a mayar da shi ƙasa ta wata rijiyar ya sake ɗaukar zafi. Wanda ya tsaya kusa yakan ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, daga iskar da ke tasowa tare da tururin.

Abin ba na jiya ba ne. Tun 1904 Piero Ginori Conti ya kunna 'yan ƙwayayen fitila da tururin ƙasa a Larderello ta Italiya, a 1913 aka buɗe tasha a wurin. Yau Amurka ce kan gaba, Indonesiya na biye da ita, ga Filifins da Turkiyya. A Ayisland kusan gida 9 cikin 10 da ruwan zafin ƙasa ake ɗumama su.

Amma Kenya ce ta fi ɗaukar hankalina. A 1981 ta kunna injin farko a Olkaria, kusa da Naivasha, yanzu kuwa kusan kashi 40 cikin 100 na wutar da take samarwa daga zafin ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Idan fari ya ƙafar da madatsun ruwa, tururin bai san ana yi ba. To me ya sa har yanzu rabon wannan makamashi bai kai kashi 1 cikin 100 na wutar duniya ba? A ganina tsoron haƙa ne. Rijiya ɗaya na cin miliyoyin daloli, kuma ana iya gama ta a tarar ba tururin kirki. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba dukiyarsa a rami bisa tsammani? Shi ya sa Kenya ta kafa kamfanin gwamnati a 2008 don ya ɗauki kasadar haƙar, masu jari su shigo bayan tururi ya tabbata. Wannan dabara ta cancanci shafi guda a jaridarku.

Idan za ku rubuta, kada ku ɓoye illa. Girgizar ƙasar da ta afka wa Pohang ta Koriya ta Kudu a 2017, bincike ya danganta ta da ruwan da aka ɗura da ƙarfi cikin duwatsu. A Olkaria ma an tashi iyalan ƙabilar Masai daga matsugunansu don faɗaɗa tasha. Ku tura wakili can ya ji ta bakin injiniyoyi, ya kuma zauna da waɗanda aka tasa.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum