Gaisuwa daga Moss Side, unguwa a birnin Manchester na Ingila

Salam mutumina,

Na san kana fushi, saƙonka na nan tun Oktoba ban amsa ba, kuma Hajiya ta ce da ka je gaishe ta har ƙarata ka kai. Ka yi haƙuri don Allah. Kullum sai in ce bari in samu natsuwa in rubuto maka da tsawo, natsuwar ce ta ƙi samuwa. To jiya wani abu ya faru wanda dole in ba wani labari, kuma kai ka fara faɗo min a rai.

Na shiga wani shagon nama ne na Somaliyawa a Claremont Road, rabin kilo na rago kawai nake so. Ina kan layi ƙanina ya kira muka ɗan yi magana, ina kashe wayar sai wani dattijo da ke gabana ya juyo ya ƙura min ido ya ce "yaro, kai ɗan ina ne?" Da Hausa fa! Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ashe mutumin Sudan ne, ɗan garin Mai Wurno da ke kusa da Sennar a bakin kogin Nilu. Kakanninsa suna cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, bayan yaƙin Burmi waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya har suka yada zango a can. Kai da kake sharar barci a ajin tarihi na san sai ka tambayi wani, amma ni ga jikansu a gabana riƙe da ledar nama. Bai taɓa taka Najeriya ba, Hausarsa irin ta tsofaffi ce da Larabci a ciki, amma tas muke jin juna.

Ya hana ni biyan kuɗin naman, ya ja ni har gida. Matarsa ta kawo asida da miyar busasshiyar kuɓewa, tuwo ne sak, na kai loma ɗaya idona ya ciko. Wayarsa na kan tabarma kusa da gwiwarsa, duk ƙarar da ta yi sai ya zabura, saboda tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 danginsa suka watse. Amma a haka yake ta tambayata ko ina da bargo mai kauri.

Ka ga unguwar nan da aka yi ta tsorata ni da ita kafin in zo, wai Moss Side sunanta ya ɓaci tun shekarun baya. Talakawa ne kawai masu neman na kansu. Gidajen jan bulo a jere manne da juna, ƙarfe biyar na asuba za ka ga masu gadi da masu kula da tsofaffi da direbobin tasi a tashar bas kowa ya dunƙule cikin jaket. A gidanmu mu huɗu ne, ni da ɗan Pakistan da ɗan Ghana da wani ɗan Libiya, kicin ɗaya. Maƙwabciyarmu tsohuwa ce 'yar asalin Jamaika, ita ta koya min wane kwandon shara ake fitarwa wace rana, kuma duk Lahadi in ta dawo coci sai ta ƙwanƙwasa ta ji ko muna lafiya. Af, tsohon filin Man City na Maine Road nan bayanmu yake, sun tashi tun 2003 yanzu gidaje ne a wurin, ka faɗa wa mai shayin layinku ya daina cika baki ni nake taka wurin kullum.

Abin da ke hana ni barci shi ne kashi na biyu na kuɗin makaranta, a Janairu. Lissafin da muka yi da kai a shagonka duk ya rushe tunda naira ta faɗi, abin da aka tara ko rabi bai kai ba yanzu. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a sati in ana karatu, ina ɗaukar kwali a wani sito a Trafford Park da daddare, kuɗin na tafiya a haya da mitar gas. Mai gidan kuma tun Satumba nake nuna masa bangon ɗakina da ya yi baƙi saboda danshi, kullum gobe. Ga duhu, kafin ƙarfe 4 an kira magariba, rana ba ta fitowa sai bayan 8, kana fitowa daga laccar la'asar dare ya yi. Ban faɗa wa Hajiya ko ɗaya ba, kai ma ka riƙe bakinka.

Wai da gaske ne an sa ranar tuzurun ajinmu? A status na gani, ba wanda ya faɗa min, kuma kai ne babban aboki? Allah ya sa kar ka yi irin rawar da ka yi a bikina. Maganar biki, uwargida na nan tana haƙuri, tun Janairun 2024 suka hana masu digiri na biyu irin nawa kawo iyali, sai dai bidiyo kullum. Yarinyar ta fara tafiya, a waya na gani.

Batun filinka da ka tambaya ko ka sayar ka taho, wannan sai mun zauna a waya, ka tuna yanzu kun fi mu da awa ɗaya tunda aka mayar da agogo baya.

Yauwa, ɗan gidan Alhaji zai dawo bayan hutu. Don Allah ka sa Hajiya ta haɗa min kuka da daddawa da yajin ƙuli, a ɗaure daddawar sosai a leda biyu. Na yi wa dattijon alkawari, ya ce tun rasuwar kakarsa rabonsa da miyar kuka.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum.